Zannuwan Malam a Kan Teburin Likita

Mu uku muka sauka Indiya: ni, da mijina Malam a keken guragu, da mijin 'yarmu Asabe, wanda mutanen Zango ke kira Sakatare don yana aiki a sakatariyar ƙaramar hukuma. Shi dangi suka zaɓa ya raka mu, wai shi ne mai Turanci. A cikin masu gemun da suka zauna a zaure suka yanke wannan shawara, ba ko ɗaya da ya tambayi kansa ko ciwon da za mu kai irin wanda suruki zai iya buɗe baki ya faɗa ne. Ni na yi wannan tunanin, amma ba a tambaye ni ba.

Shekara biyu kafin nan, Malam na dawowa daga cinikin gero a Kongolam a kan babur, wata babbar mota ta matse shi ya faɗa kwalbati. Laka ta taɓu a ƙasan baya, ƙafafu suka mutu. Duk wanda ya zo dubiya ƙafar yake kallo, ya girgiza kai, ya yi addu'ar Allah ya sa ya taka, ya sha furata ya tafi. Ba su san ƙafa ita ce ƙaramar masifar ba. Babbar ita ce fitsari. Ba ya jin zuwansa, ba ya iya riƙe shi, sai dai ya ga shimfiɗa ta jiƙe. Nakan zura masa roba in fitar da abin da ya taru, amma kafin a jima mafitsarar ta matse da kanta ta sako wani. Tun ranar da ya kwaranyo a zaure a gaban abokan cinikinsa bai ƙara fita ba, ko masallacin ƙofar gida. Sai ya ɗauko dabarar da ba ta da maraba da kashe kai, ya daina shan ruwa. Ya wuni da kurɓa biyu, leɓe ya tsage, zazzaɓi ya tafi ya dawo. Likitan da ke duba shi a Daura ya ce in ya ci gaba a haka, ƙodarsa ba za ta kai shi nesa ba.

Sau ɗaya ya taɓa faɗa min abin da ke ransa, ina goge masa jiki. Ya ce, "Hajara, wallahi ƙafa ba ta dame ni ba. In zan riƙe alwala daga Azahar zuwa La'asar, in zauna cikin mutane ba wari, a bar min keken nan har kabari." Wannan maganar na ɗauko na hau jirgi da ita. Sauran dangi kuwa tafiya da ƙafa suka aiko mu mu sayo.

Wanda ya tarbe mu a filin jirgi wani Bahaushe ne, Bala, da ya ce a kira shi Dakta. An ce karatun likita ya kai shi can, amma abin da na ga ya ƙware a kai shi ne shinshino majinyatan ƙasarmu tun daga bakin ƙofa. Ga turare kamar an yi ɓari, ga wayoyi biyu a hannu, ga in sha Allahu a wutsiyar kowace ƙarya. Ya durƙusa a gaban Malam ya dafa keken.

"Baba, ku sa a ranku da ƙafarku za ku hau jirgin komawa. Keken nan ni za ku bar wa tsaraba."

Sakatare ya washe baki har kunne. Malam ya ɗago ya kalle ni, na kawar da kai.

Masaukin da Bala ya kai mu wani dogon bene ne cike da majinyata na ƙasashe barkatai. Garin zafi, ga cinkoso, ga a-daidaita-sahu ko'ina suna ihu da hon kamar za su haɗiye mutum. Abinci shinkafa safe, shinkafa rana, da wata miya mai yaji da ke bin mutum har cikin tufafi. Na zo da kuka da daddawa da ɗan garin gero a ƙulle, ina tsakura kamar magani, duk da haka ba su kai wata guda ba. Ranar da na kakkaɓe ledar daddawar na zauna a bakin gado na yi kuka, kukan da ban yi ba ranar da aka kawo Malam a kwance.

Sakatare ya kama ɗakin da ke kusa da namu. In faɗi gaskiya, yaron ba mugu ba ne, ladabi ne ya yi masa yawa har ya zama wauta. Ba ya tsallake bakin ƙofarmu. Zai zo ya cire takalmi tun daga nesa, ya tsuguna a waje, ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba, ya jiki?" Malam ya ce, "Da sauƙi." Shi ke nan hira ta ƙare. Tun da aka ɗaura aurensa da Asabe iyakar maganar da ke tsakaninsu ke nan, kuma da wannan tafinta aka turo mu neman magani.

Asibitin da Bala ya kai mu na kuɗi ne, ƙasa na sheƙi har kana ganin fuskarka, masu gadi na sara mana kamar mun zo da sarauta. Aka ɗauki Malam hoto ta gaba da ta baya, aka yi masa wata allura a gadon baya da aka ce tana farfaɗo da jijiya, aka dinga murza masa ƙafafu safe da yamma. Sati shida ana abu ɗaya. Na ja Sakatare gefe na ce masa, ina kallon bango, "A gaya musu ɗaya matsalar mana." Ya ce, "To, Inna." Ya shiga ya fito, bai gaya musu komai ba. Da kuɗin gonar da aka sayar suka kusa ƙarewa, sai wayoyin Dakta Bala duka biyun suka kamu da ciwon rashin shiga. Ƙafar Malam ko yatsa bai motsa ba.

A saman benen nan nake shanya. Kullum nakan hau da bokiti cike da zannuwa da tsummoki, in cika igiya biyu ni kaɗai, sauran matan na kallona suna magana da yarensu. Wata rana ina matse zane sai na ji an ce a bayana, da Hausa tsantsa, "Baiwar Allah, naki ma na baya ne?" Na juyo na ga wata doguwar mace da bokiti irin nawa. Sunanta Maryama, mutuniyar Damagaram, mijinta direba ne da mota ta kife da shi. Ba ta ƙara tambayata komai ba, igiyata kawai ta kalla ta gane. Muka zauna a inuwar tankin ruwa muka faɗa wa juna abin da ba mu taɓa faɗa wa 'yan uwanmu na jini ba. Ta kwance bakin zanenta ta raba min barkono da busasshiyar kuɓewa.

Ita ta gaya min akwai asibitin koyarwa a ɗaya gefen garin, inda wasu likitoci da injiniyoyi ke bincike a kan wannan matsala tamu kaɗai, ba ruwansu da ƙafa. An riga an karɓi mijinta, washegari ma za a kwantar da shi. Ta sa aka rubuta min sunan wurin a bayan kwalin magani.

Da muka je, Sakatare ya yatsine fuska. Bango ya tsufa, fanka na kuka, talakawa zaune a ƙasa da ƙunshin abincinsu. Ya ce, "Inna, anya nan kuwa? Can fa ya fi tsabta." Na ce can ɗin ai mun ga abin da tsabtarsa ta tsinana mana.

Shugabar masu binciken wata 'yar ƙaramar mace ce, ta fi ni baƙi, da silifas a ƙafa. Ta ɗauki takarda ta zana mana mutum. Ta nuna kai, ta nuna mafitsara, ta ja layi a tsakaninsu ta cikin ƙashin baya, sannan ta datse layin. Ko kafin Sakatare ya gama in-ina na gane: saƙo ne ba ya wucewa, shi ya sa mafitsara ke gaban kanta, ta matse lokacin da ta ga dama. Abin da suke gwadawa shi ne su sa wata siririyar waya kusa da jijiyoyin da ke can ƙasan ƙugu, ta dinga aika ɗan lantarki kaɗan-kaɗan, ko mafitsarar za ta kwanta ta riƙe abin da ke cikinta. Ta maimaita har sau biyu cewa bincike ne, wani ya dace, wani bai dace ba, kuma ba ta yi wa kowa alkawarin tafiya. Tun da muka sauka ƙasar, ita ce mutum ta farko da ta ce mana ba ta sani ba, kuma a nan na fara yarda da ita.

Ta miƙo wata takarda mai layi-layi ta ce a cika ta kwana uku a dawo. Sakatare ya karɓa da hannu biyu, ya zaro biro daga aljihun gaba kamar an naɗa shi alƙali. Na tambaye shi ta mece ce, ya ce, "Ta bayanin jikin Baba ce, Inna, ni zan kula da ita." Ashe takardar so take a rubuta duk sanda ya sha ruwa, da duk sanda fitsari ya zubo, da yawan abin da robar ta fitar. Maryama na asibiti wurin mijinta, ba wanda zai fahimtar da ni.

Kwana ukun nan Sakatare ya yi aiki tuƙuru. Ya ɗauko kujera ya kafa a baranda. Da safe ya tsuguna ya ce, "Baba, an tashi lafiya?" Malam ya ce, "Lafiya lau." Ya koma ya rubuta. Da rana, "Baba, ba dai wata matsala?" Malam ya ce, "Babu, alhamdu lillahi." Ya koma ya rubuta. Ni kuwa ina wuce shi da bokiti sau uku a wuni, yana ɗauke kai don kada ya ga abin da ke ciki.

Ranar komawa mun daɗe a layi, har sai da na tura Malam bayi sau biyu na canza masa. Jiƙaƙƙun na ƙulle su a leda na cusa a jaka. Da aka kira mu, likitar ta duba takardar ta juya ta, ta dubi Malam, ta yi magana mai ɗan tsawo. Sai na ga fuskar Sakatare ta yi haske.

"Albishirinku, Baba! Ta ce bisa ga takardar nan kun fi kowa sauƙi, kwana uku ko ɗigo babu. Ta ce aikin nasu na waɗanda abin ya tsananta ne, wuraren kaɗan ne, sai dai a ba wani."

Na ce, "Wace takarda?"

"Wadda na cika, Inna."

"Me aka rubuta a ciki?"

"Abin da Baba ya faɗa min."

Na juya wurin Malam. Idonsa na kan ƙafafunsa. Ya ji komai, ya gane komai, kuma na ga ya zaɓi ya koma Zango ya mutu da ƙishirwa a kan ya ambaci fitsarinsa a gaban mijin 'yarsa. Na rage murya na ce, "Malam, ka yi magana." Ya ce, "Hajara, mu tafi. Haka Allah ya so."

Allah bai so haka ba, mutum biyu ne suka so, ɗaya da girman kai ɗaya da biro. Likitar har ta fara rufe fayil. Ban san sanda hannuna ya shiga jaka ba. Na fito da ledar, na kwance ta, na zazzage zannuwan a kan teburinta, a kan takardar Sakatare. Wari ya cika ofis. Wani injiniya da ke gefe da kwamfuta ya miƙe tsaye. Sakatare ya yi baya zai fita, na tare ƙofa.

"Kai Sakatare!" Tun da ya shigo danginmu ban taɓa kiransa kai tsaye ba, ban taɓa haɗa ido da shi ba sai ranar. "Dawo ka tsaya nan. Turancin da aka sayar da akuya aka koya maka yau zai yi aiki. Duk abin da na faɗa ka juya mata shi, in ka rage kalma ɗaya Allah ya isa."

"Inna, don Allah, Baba fa yana..."

"Baban naka mutuwa yake yi. Ka ce mata wannan na safiyar yau ne kaɗai. Ka ce mata fitsari yana zubo masa sau biyar, sau shida a wuni, bai sani ba. Ka ce mata ni nake zura masa roba a gabansa da hannuna. Ka ce mata ya daina shan ruwa, abin da robar ke fitarwa ja ne kamar shayi. Faɗa mata!"

Ya faɗa. Gumi na ɗiga daga haɓarsa, murya ta shige ciki kamar ta amarya, amma ya faɗa. Likitar ba ta toshe hanci ba, ba ta ture zannuwan ba. Ta sa safar hannu ta ɗaga ɗaya ta duba, ta tambayi wa ke kwana da majinyacin. Sai ta zaro sabuwar takarda, ta zana kofi, ta zana ɗigo, ta zana roba, ta tsallake hannun Sakatare da ya miƙo ta danƙa min. Ban yi boko ba, amma na san lokutan salla. Na raba takardar gida biyar, ina jan kara ɗaya duk sanda abu ya faru. Da wannan takardar tawa ta jahila aka karɓi Malam.

Kwana tara bai yi min magana ba. Ina juya shi, ina wanke shi, ina ba shi abinci, yana kallon silin. A na goma ya ce, "Kin tsiraita ni a gaban mijin 'yata." Na ce, "Na tsiraita ka. Da na rufe, likkafani ne zai ƙarasa rufewar." Ban ba shi haƙuri ba, har yau kuwa.

Aikin nasu ba na gaggawa ba ne. Sai da suka cika masa mafitsara da ruwa ta roba suna kallon yadda take matsewa a kwamfuta. Sannan suka sa wayar gwaji, da wani ɗan akwati da ake ɗaura masa a ƙugu. Injiniyan nan kullum ya zo ya ƙara ƙarfin lantarkin ko ya rage, ya duba karan da na ja, ya tafi. Suka kafa wa Malam sharaɗi cewa sai ya sha ruwa yadda suka ce ko su cire shi, ya sha yana harara ta. Kwanakin farko ba abin da ya canza, har na fara cewa a raina an sake yin wahalar banza. Wata rana bayan Azahar na sa hannu a ƙarƙashinsa don in canza, na ji a bushe. Na tsaya ina tunanin ko na canza ne na manta. Na duba bokiti, ba komai a ciki tun hantsi. Malam na kallona, ni ina kallonsa, ba wanda ya ce uffan don kada mu yi wa abin baki.

Daga baya suka yi masa 'yar tiyata suka binne ƙaramin batir a ƙarƙashin fata. Robar ba ta tafi ba, har gobe ina sa ta, amma yanzu a kan lokaci ne, ni ke zuwar wa fitsarin ba shi ke zuwar mana ba. Wani lokacin yakan kuɓuce, musamman in zazzaɓi ya taɓa shi. Mijin Maryama kuwa bai dace ba. An gwada, an sake gwadawa, aka zare wayar. Ita da ta nuna min hanya ta koma Damagaram da bokitinta, kuma da za ta tafi sai da ta rungume ni ta ce ta taya ni murna. Na rasa inda zan sa fuskata.

Da muka iso Zango gida ya cika. Suna ganin an sauko da keken daga mota sai fuskoki suka faɗi. "Ayya, ashe ba a dace ba." "Duk wannan ɗawainiya!" Wani ƙanin Malam har da cewa da an sani da an bar gonar. Suna faɗar haka suna zaune da shi a zaure tun hantsi har aka kira Azahar, a kan tabarma ɗaya, ba wanda ya lura cewa shekara biyu rabon da a yi hakan. Da aka tayar da salla aka tura shi ƙarshen sahu, ya yi ta, ya zauna har La'asar ya yi ta da alwalar nan. Ina bayan ƙyaure ina jin muryarsa yana musu a kan farashin gero.

Sakatare ya bi gari yana ba da labarin yadda ya yi ta fama da likitoci da Turanci. Ɗaya labarin kuma ya faɗa wa Asabe, Asabe ta yi kuka ta faɗa wa gwaggonta, kafin sati ya zagayo duk matan unguwa sun san Hajara ta baje tsumman fitsarin mijinta a gaban suruki. A gidan suna in na shiga sai a yi shiru, a bi ni da ido. Wata tsohuwa ta ce min a fuska wai na bar kunyata a Indiya. Waɗannan su ne matan da ko sau ɗaya ba su taɓa ɗaukar min bokiti ba. Shi kuma Sakatare har yau in ya yi sallama, Malam sai ya sa a ce yana barci.

Bayan damina wata mata ta zo daga garin Babban Mutum, ta lulluɓe har ido, ta ce wurina aka kwatanta mata. Mijinta ya faɗo daga kan lodin mota watanni bakwai da suka wuce. Na shimfiɗa mata tabarma a ɗaki, ta yi ta kewaye-kewaye, ƙafa kaza, baya kaza, ga kuma wata 'yar lalura, kin dai gane, irin ta masu kwanciya. Na dubi hannuwanta, duk sabulu ya cinye su.

Na ce, "Ban gane ba. Wace lalura?"

"Haba Yaya, kin fa sani."

"Na sani, amma can inda kike son zuwa ba su san kin-dai-gane ba. In ba za ki iya faɗa min a ɗakina ba, tashi ki koma ki ci gaba da wanki."

Ta leƙa tsakar gida ta ga ba kowa, ta dawo da kai, hawaye na bin mayafin.

Ta ce, "Fitsari ne."

Na ce, "Ɗaga murya. Sau nawa a wuni?"